Dodon Koɗin Kausar

Talata, 8 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau na yi aikin alheri, kuma tunda ba wanda ya gani, dole in rubuta da hannuna. Kayen nan, wato littafin rubutu, na Kausar ne, na lissafi, ta bar shafi talatin ba rubutu. Ni Muntaka mai duwatsun wuya, wanda lakwal, makarantar boko, ta sallama a aji huɗu ba tare da kowa ya yi kukan rabuwa ba, na gaje shi.

Ban je kasuwa ba saboda ƙafa. Yayata, wadda duk unguwarmu Amrigebe ke kira Goggo, ta ce ba ƙafa ba ce, rana nake tsoro. Na bar ta da ra'ayinta.

Na shiga ɗakin Kausar neman hantsakina da ta ara tun kafin Sallah. Sai ga ɗan akwati a kan teburinta, da kwalabe bakwai kamar na turare, kowace an manna mata takarda: 480, 900, 1500, 2100, 2800, 3600, 4400. A ciki katantanwa ce 'yan mitsi-mitsi, wata kamar ƙwayar gero, wata kamar shinkafa, babbarsu ba ta kai wake ba. Na san kayan karatunta ne. Amma abin da na gani ya dame ni: a kowace kwalba manya da ƙanana a cakuɗe, kamar an sharo su da tsintsiya.

Shekara arba'in ina zura dutse a zare. A wurinmu lamba girma ce. Lamba shida ba ta kwana da lamba goma. Wanda ya zuba kayan nan bai taɓa riƙe faifai ba.

Na juye duka a faifai ɗaya na zauna gindin darbejiya da ɗan tsinke. Awa uku. Ƙanana a ƙaramar lamba, manya a babbar lamba, na tsakiya a tsakiya. Ɗari uku da arba'in ne, na ƙirga, ko ɗaya ba ta fashe ba. Na mayar da akwatin mazauninsa. Ba zan gaya mata ba. In ta ga aiki ya yi mata sauƙi ta ce Turawa sun iya tsari, ni da Allah mun san gaskiya.

Hantsakin dai ban gan shi ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Ya kamata in faɗi wace ce Kausar, ko da wata rana ɓera mai ilimi zai ci kayen nan. Ita kaɗai gare ni. Shekararta ashirin da huɗu, tana jami'a, tana rubuta memwar, kundin kammala karatu, a kan dodon koɗin ƙarƙashin teku. A Chadi! Ƙasar da in ka ce za ka ga teku sai ka yi guzurin kwana uku ka ratsa Kamaru.

Malamarta, Madam Hansatu, ta yi karatu a waje, ita ta aro katantanwar nan daga waɗanda suka yaso su da jirgin ruwa. Ana gyaran labo, ɗakin bincikensu, shi ya sa aka yarda Kausar ta kawo gida. Ta kusa gama akwati na farko, na biyun ne na gyara mata.

Ina ce mata Mai Teku. Gadon gida ne. Kakana Salihu ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa zai je Makka, ya iso nan jakinsa ya mutu, kafin ya sami wani jakin ya sami mata. Har ya rasu ana ce masa Alhaji, bisa niyya. Babana ya ce shi zai ƙarasa, ya kai Abeshe ya dawo da basir. Ni iyakacina gadar Kusiri, nan bakin Kamaru. Zuri'a uku muna tafiya teku, ba wanda ya jiƙa ƙafa.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Muna cin kisar, wainarmu mai faɗi, da miyar busasshen kifin salanga, na ce bari in ɗan lallaɓa in ji ko an lura da aikina.

"Mai Teku, wai me ake nema a jikin tsakuwar nan taki?"

Ta janyo kwanon ruwan wanke hannu. "Baba, ka ɗauka wannan teku ce. A can ƙasa ba rana, ba ciyawa, sanyi kamar cikin firiji. Duk abin da za su ci daga sama yake gangarowa." Ta murtsuke gefen kisar ta zuba a ruwan. "Ka gani? Kafin ya kai ƙasa na sama sun cinye rabi. Tambayar ita ce, in abinci na raguwa, jikin dodon koɗi girma yake ko ƙanƙancewa?"

Goggo ta ce, "Wannan ai ko ni na sani. Dubi ubanki da azumi."

"Ba haka kawai ba ne, Goggo. Akwai dangin da manya ne a bakin gaɓa, in an gangara sai a tarar sun ƙanƙance. Akwai 'yan ƙanana da in an gangara sai a tarar sun ƙara jiki. Nawa nake so in gani. Shi ya sa nake auna kowace ɗaya, daga tsini zuwa baki."

Na ce, cikin isa, "Lambobin jikin kwalaben kuma ai girma ne."

Ta yi dariya. "Wane girma! Zurfi ne, Baba, mita. Inda aka ɗebo su ke nan. Ta ƙarshen, dubu huɗu da ɗari huɗu, tafiyar awa guda ce a ƙafa, amma ƙasa za ka yi. Duk aikin a kan takardar nan ya rataya. Katantanwar da ta bar kwalbarta ta zama tsakuwa, ko kaza ba za ta gode maka ba."

Sai tari ya sarƙe ni. Na ce ƙaya ce. Kausar ta yi ta dukan bayana tana cewa sannu Baba, sannu. Goggo ta miƙo ruwa.

Asabar, 12 ga Afrilu, da safe

Zafi. Ban ci fanke ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan Azahar

Ta buɗe akwati na biyu. Na tsaya bakin ƙofa, na shirya maganar tun daga alwala. Tana riƙe da ma'auninta mai baki kamar na kada, da gilashi a ido, da hantsakina a hannu, ashe a gashinta take soke shi.

"Baba, lafiya?"

"Kausar, akwai wata magana."

"Ina ji." Ba ta ɗago ba. Harshenta a waje kaɗan, yadda uwarta ke yi in tana zura allura.

Na ce, "Ki riƙa shan ruwa, ana zafi."

Wannan ita ce maganar da namiji ɗan shekara hamsin da takwas ya shirya tun daga alwala.

Talata, 15 ga Afrilu, kafin Magariba

Na dawo kasuwa na tarar ana rawa a tsakar gida. Kausar ta kama hannun Goggo tana juya ta, Goggo na cewa sake ni 'yar nema, ƙuguna.

Ta nuna mini a kwamfuta. Ɗigo-ɗigo ne sun hau layi ɗaya, miƙe kamar carbin da aka rataya a ƙusa. "Dubi, Baba! Duk zurfin da aka ƙara, jiki ya ƙaru. Ba ɗaya da ta kauce. Ban taɓa ganin irinsa a littafi ba."

Ni na taɓa gani. A faifai.

Ta sake duban layin ta ce, "Ya ma yi kyau da yawa." Zuciyata ta ce yanzu, Muntaka, ga ƙofa a buɗe. Sai ta kaɗa kai ta ce wataƙila sa'a ce, jibi za ta kai wa Madam. In memwar ya wuce a watan Mayu, akwai gurbi guda: wata shida a wata tashar bincike a bakin teku, har da fita cikin jirgi. Madam sunanta ta saka.

Wata shida. Na ce madalla. Na ce madalla sau uku, har Goggo ta ce ɗaya ma ta isa.

Laraba, 16 ga Afrilu, a kasuwa, rana tsaka

Shu'aibu mai huluna, maƙwabcin teburina, ɗan Kano ne da ya zo shekara biyar ke nan, har yau Larabcinsa bai wuce "kam" da "kalas" ba. Muna shan shayi na ce masa, "Malam Shu'aibu, akwai wani mutum a unguwar Lamaji, ya taɓa kayan 'yarsa da niyyar gyara, sai ya ɓata. Ita ba ta sani ba, har murna take."

"To ya gaya mata mana."

"In ya faɗa, aikin shekara ya rushe."

"In bai faɗa ba fa?"

"Wataƙila ba wanda zai gane."

Ya kurɓi shayi ya dube ni ta saman kofi. "Mutumin nan na Lamaji, ranar Talatar makon jiya ƙafarsa ta yi ciwo?"

Na ce ban san lafiyar ƙafarsa ba, ba likita ba ne ni.

"Ka ce ina gaishe shi. Ka ce masa Shu'aibu ya ce matsoraci ne, amma ana sonsa a haka."

Wata hajiya ta zo neman murjani lamba takwas, na ba ta lamba goma. Shekara arba'in ban taɓa yi ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan La'asar

Ta tafi da farin mayafinta na Sallah. Ta dawo, ta gaishe ni a tsaye, ta shiga ɗaki. Ba a yi rawa ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da hantsi

Ta fito idonta a kumbure, ta durƙusa gefen tabarmata.

"Baba, akwai wanda ya shiga ɗakina?"

Na ce, "Wa zai shiga?"

Ban ce a'a ba. Ina so a rubuta cewa ban ce a'a ba. Tambaya aka yi mini na mayar da tambaya, malamai su duba hukuncinsa.

Ta ce, "Haka ne," ta tashi.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan Azahar

Goggo ce ta kawo mini labarin tana tsince shinkafa, ba ta ko kalle ni ba.

Ashe ranar da aka ba Kausar akwatin, Madam ta zazzage kowace kwalba a kan takarda mai gida-gida ta ɗauki hoto, saboda kayan aro ne. Da ta ga layin nan miƙaƙƙe sai ta buɗe hotunan. A hoto, kwalbar 4400 'yan ƙanana ne a ciki. A lissafin Kausar, ƙattin ne a can. Madam ta ce katantanwa ba ta da ƙafar fita kwalba, wani ne ya jera su don sakamako ya yi kyau. Ba ta ce "ke ce" ba, ta ce ta ba ta zuwa Laraba ta zo da bayani, in babu za ta kai maganar gaban kwamiti, ta kuma cire sunanta daga tafiya.

"Maguɗi, Muntaka. Yarinyar da in ta tsinci dala a hanya sai ta bi gida-gida. Ko ta bar karatun, sunan zai bi ta."

Na ce Allah ya tona asirin wanda ya yi.

Goggo ta ce, "Amin," da ƙarfi, har kaji suka watse.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma

Na share ƙurar keken ɗinkin marigayiya uwar Kausar. Shekara shida yana rufe da zane ɗaya, ni ke share shi, ba na son a taɓa.

Gidan nan ɗaki uku ne. In Goggo ta tafi ƙauyen Gawi wurin 'yarta, kamar yadda take yi duk damina, mutum biyu ne ke saura. In aka cire ɗaya daga biyu, ko ɗan aji huɗu ya san amsa.

Ba wani abu nake cewa ba. Lissafi kawai nake yi, kayen ai na lissafi ne. Akwai makarantu a nan ma, ana neman masu koyar da ilimin halittu. Kogin Shari cike yake da dodon koɗi, manya, masu arha, ba sai an hau jirgi ba.

Na karanta abin da na rubuta. Allah wadaran wannan bik, alƙalamin banza.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan La'asar

Ta kawo mini shayi da kanta, ta zauna. Ta ce ta yi tunani, wataƙila ita ce ta cakuɗa su cikin gajiya ba ta sani ba. Za ta je ta ce ita ce, a yi abin da za a yi.

"Baba, ka yafe mini. Duk kasuwa ka gaya wa mutane 'yarka za ta teku. Na ba ka kunya."

Ita ke ba ni haƙuri. Ta riƙe mini kofi da hannu biyu tana ba ni haƙuri.

Shayin nan har yanzu yana nan, ƙudaje sun gode.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan Azahar

Na sa babbar riga, na ɗauki faifai, na ce wa Kausar ta raka ni. Ba ta tambaya ba, ta ɗauka roƙo zan je yi. Mun hau kalando biyu, baburan haya, rigata ta cika da iska, na isa jami'a kamar tantin biki.

Madam Hansatu 'yar siririya ce da tabarau a goshi. Ta ce, "Malam Muntaka, in roƙo ne, ka huta."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba roƙo ba ne. Ɓarawon na kawo miki." Na ajiye faifai a teburinta. "Ga shi, ga kuma kayan aikinsa."

Na faɗi komai na ranar Talata. Da na gama sai ta ce, "Kai ne uba na uku da ya zo ofishin nan ya ce shi ya yi. Ɗaya har cewa ya yi shi ya rubuta jarrabawar."

Ka ji! Mutum ya yi kwanaki yana tara ƙarfin hali, a ce masa ƙarya yake.

Na ce, "Ɗari uku da arba'in ne. Uku tsininsu ya karye tun asali. Akwai ɗaya mai tabon ƙasa-ƙasa a baki kamar ta ci goro, na sa ta a 2800. Akwai tagwaye masu fari kamar alli, na raba su don ɗaya ta fi 'yar'uwarta da kaurin gashi."

Ta buɗe kwalbar 2800, ta sauke tabarau. Mai goro na nan. Ta dube ni, ta dubi faifai, sai dariya ta kama ta har ta kifa kai a tebur. "Lamba girma ce! La'ilaha illallahu. Jirgi ya yi wata biyu a teku, kai ka gyara masa aiki a awa uku!" Sai dariyar ta tsaya cak. "Yaushe ka gane ɓarnar da ka yi?"

Kausar na tsaye jikin ƙofa. Ban waiwaya ba, amma ina jin idonta a ƙeyata.

Na ce, "Jiya."

Madam ta juya ta ce, "Kausar, na zarge ki, ki yafe mini." Sannan ta ce aikin dai ya mutu, sai in za a iya mayar da kowace katantanwa kwalbarta, kuma wannan ba mai iyawa.

Na ce a nuna mini hotunan. Ta buɗe. Ga mai goro can a 900, kwance a gefe, kamar tana jirana.

Na ce, "Ranki ya daɗe, dutse ma fuska gare shi."

Muka kamo hanya, Kausar a gaba. A ƙofar gida ta ce, "Da ka tambaye ni, Baba." Shi ke nan.

Alhamis, 24 ga Afrilu, kafin Magariba

An wanko hotunan manya-manya, bakwai, mun shimfiɗa a tsakar gida mun danne da kofuna. Dokar Madam: ni in nuna, Kausar ta auna ta gwada da gidajen takardar hoton, ranar Asabar ita ta duba. Duk wadda aka yi kokwanto a kanta, kwalba ta takwas za ta, ba gardama.

Ina gane su ta ɓallin baki, ta tabo, ta inda tsini ya cinye. Na can ƙasa sosai jikinsu ya fi zaizayewa, kamar tsohon carbi. Yau arba'in da ɗaya.

Ba ta ce mini Baba sai in dole. "Wannan." "A'a." "Sake dubawa." Na ce wata ta yi kama da Shu'aibu ta wajen hanci, ba ta yi dariya ba. Goggo ta yi, amma tata ba ta shiga lissafi.

An ba ni aron hantsakina.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Ɗari da saba'in. Idona na ruwa. Shu'aibu ke tsare mini tebur, ya aiko a ce wa mutumin Lamaji ya kyauta.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau ta kira ni da kanta. "Baba, zo ka gani."

Layin ya daina miƙewa. Ɗigon sun warwatse, kowace kwalba da manyanta da yaranta, amma in ka ja baya sai ka ga tudu: suna ƙara jiki ana gangarawa har wajen dubu biyu da wani abu, daga nan sai su fara raguwa, a can ƙarshe 'yan mitsi-mitsi kawai.

Na ce, "Nawa ya fi kyau."

"Naka ya fi kyau, Baba. Wannan kuma shi ne gaskiya." Ta kusa murmushi, na ga gefen bakin ya motsa.

Na tambaye ta me ya sa na ƙasan ba sa girma. Ta ce abinci bai isa ba. Ta ce wasu masana ma na zaton da yawansu ba 'yan can ba ne: tun suna ƙwai ruwa ya kwaso su daga tudu, suka sauka inda ba su yi niyya ba, suka zauna, suka rayu dai, amma ba su kai inda iyayensu suka kai ba.

Goggo ta ce, "Jakinsu ne ya mutu."

Nan Kausar ta fashe da dariya, ta farko cikin kwana goma sha uku. Ni ma na yi. Daga baya na je na daɗe a bayan gida, ba don ciki ba.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan Azahar

An gama. Ɗari uku da goma sha ɗaya sun koma gidajensu, Madam ta duba ta yarda. Ashirin da tara sun ƙi, ko hoton ya yi duhu, ko sun kwanta a kan fuskarsu. Suna kwalba ta takwas. Madam ta ce dole a rubuta wa masu kayan abin da ya faru, kuma za a sa shi a cikin memwar, shafi guda. Ta ba ni bik ta ce in rubuta takardar kwalbar da hannuna. Na rubuta: "Zurfi: ba a sani ba. Dalili: Muntaka."

Sunana zai je Turai kafin ni. Kaka Salihu, ka ji, an fara motsawa.

Talata, 6 ga Mayu, da yamma

Masu kayan sun amsa. Ba su ji daɗi ba, amma sun karɓi ɗari uku da goma sha ɗayan. Sunan Kausar na nan a tafiya. Za ta kare memwar ranar ashirin, in an dace jirgi a watan Yuli.

Ta rungume Goggo, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, da ba don idonka ba." Ta ce ta gaya wa ƙawayenta, ubanta na gane kuskurensa yau, gobe da safe ya sa babbar riga ya je ya faɗa. Ta ce ba kowane uba ba.

Na ce zafi ya yi yawa, bari in sha iska a waje.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan La'asar

Goggo ta same ni ina share keken ɗinki. Ta zauna a kan buhun gawayi.

"Muntaka, ranar Juma'ar nan da ƙaya ta sarƙe ka."

"Na'am, Yaya."

"Ni na gyara salangar. Ɗaya bayan ɗaya na zare ƙayar, saboda haƙorana."

Na ci gaba da shara.

"Kwana goma sha ɗaya. Tana kuka a ɗaki kana tsakar gida kana lissafin ɗakuna. Ba zan gaya mata ba, ba ni na ci ba. Amma kada ka bari ta hau jirgi tana yabon mutumin da babu shi."

Na ce, "In na faɗa za ta tambaye ni dalili."

"Sai ka faɗi dalilin. Ai ba zagi ba ne, uba ya ji tsoron gida ba kowa. Abin da ka yi da tsoron ne zagi." Ta tashi tana dafe ƙugu. "Daminar bana ba ni zuwa Gawi. Ba don kai ba, tukwanensu sun yi tsada."

Na yi tunanin in saka kayen nan a ƙasan jakarta, ta karanta a tsakiyar teku inda ba ta iya jifana da takalmi. Dabara ce mai kyau, irin ta mutumin Lamaji. Ba zan yi ba.

Katantanwa ɗari uku da goma sha ɗaya na mayar. Kwana goma sha ɗayan nan ba su da hoto, ba wanda zai tayar da maganarsu, ni kaɗai na san kwalbar da suka fito. Na ce "jiya" a gaban malamarta, kuma na ce "wa zai shiga" tana durƙushe a gabana. Wataƙila ta daina ce mini Baba har Yuli. Wataƙila har bayan Yuli.

Ga ta can ta fito da tire, kofi biyu, hantsakina a gashinta. Tana tambaya wai me nake ta rubutawa a kayenta.

Na ce ta ajiye shayin ta zauna, akwai wata magana, kuma ba ta shan ruwa ba ce.